Lambu Amanar Ubangiji Ne: Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Damina ta ja baya, an fara yankan gero, kuma wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan kusan duk a kan lambu suke. Yawancinsu daga 'yan'uwa Kirista ne na Katsina da Daura da ƙauyukan kewaye. Mun taƙaita tambayoyin, mun cire sunaye. Malaman gona da malaman Littafi Mai Tsarki na wannan fili ne suka haɗa kai suka amsa.

Wani dattijon ikilisiya daga cikin garin Katsina: Bayan majami'armu akwai fili mai tsawon taku 20 da faɗin taku 10, ba abin da ke cikinsa sai leda da tumfafiya. Na kawo shawarar a mai da shi lambu, wasu suka ce wannan ba aikin ikilisiya ba ne, namu wa'azi ne da addu'a. Ina gaskiyar take? In za mu fara, ta ina?

Baba, Allah ya ƙara girma. Masu wannan magana su koma Farawa 2:15. Aikin farko da Allah ya damƙa wa ɗan Adam shi ne ya nome gonar Aidan ya kuma kiyaye ta, kuma tun zunubi bai shigo ba aka ba shi wannan aiki. Abin da faɗuwa ta jawo shi ne ƙaya da sarƙaƙƙiya da zufa. A Littafin Firistoci 25:23 Ubangiji ya hana Isra'ilawa sayar da ƙasa har abada, ya ce ƙasar tasa ce, su baƙi ne a wurinsa. To ashe takardar filin da ke hannunku shaidar riƙo ce, mai filin na nan, kuma zai tambayi yadda aka riƙe masa. A bar fili ga leda alhali akwai gwauraye a ikilisiya da kuɗin ganyen miya ke gagara, wannan ba mu ga bambancinsa da bawan nan na Matiyu 25 da ya haƙa rami ya binne abin da maigidansa ya ba shi ba.

Ku fara da shinge, tun kafin a sayi ƙwayar iri ɗaya. Darnin karan dawa mai tsawon mita ɗaya da rabi, a tokare shi da itace duk taku biyu, a jibga ƙaya a gindinsa ta waje. Idan damina ta zagayo a dasa lalle ko aguwa a bin darnin, don kafin karan ya ruɓe shinge mai rai ya tashi. Akuya ɗaya tana gama aikin wata guda kafin a idar da sujada.

Sannan kada ku nome filin duka a shekarar farko. Komi 6 zuwa 8 sun isa, kowanne faɗin mita ɗaya, tsawon mita uku, da 'yar hanya ta rabin mita a tsakani. Dalilin faɗin mita ɗaya shi ne hannu ya kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da an taka ƙasar ba, domin ƙasar da ake takawa takan daskare, ruwa ya ƙi shiga. Da rani komin ya zama mai zurfi, a ɗaga masa baki kamar santimita 10 don ya riƙe ruwa; da damina kuwa kunya ake yi don kada ruwa ya kwanta. A zaɓi inda rana ke samu aƙalla awa shida, nesa da masai, nesa kuma da gindin bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro ko darbejiya, saboda saiwarsa za ta biyo danshi ta shanye muku ruwa. A kafce ƙasar zurfin santimita 25 zuwa 30, a tsince leda da kwalba da tsohon batir, a zuba bokitin fenti ɗaya cike da ruɓaɓɓen taki a kowane komi, a cakuɗa. A yi mako guda ana jiƙa shi ba a shuka komai ba. Ciyawar da ke kwance za ta tsiro, a kankare ta, sannan a yi shuka a ƙasa mai tsabta.

Alayyafo ne abin farawa, don cikin mako uku zuwa huɗu ana cire shi, kuma ba abin da ke ƙarfafa wa 'yan aikin sa-kai gwiwa kamar su ga ganye a tukunya. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai a gauraya cokali ɗaya da cokali goma na busasshen yashi a watsa, in ba haka ba zai fito a cunkushe. Karas a wurinsa ake shuka shi, ba ya son dashe. Tumatir da kabeji da latas da albasa kuwa sai an yi renonsu tukuna, daga Oktoba zuwa Nuwamba. Tumatir mako uku zuwa huɗu a wurin reno, har ya yi ganye huɗu ko biyar, a dasa da yamma, santimita 60 tsakanin layi, 45 tsakanin tushe. Albasa mako shida zuwa bakwai, a dasa santimita 15 da 10.

Amma abin da ya fi kashe lambun ikilisiya ba ƙwari ba ne. Kowa ya ɗauka wani ya ba da ruwa, shi ne. Kwana biyu na hunturu babu ruwa sun isa su ƙone reno ƙurmus. Ku ba kowane gida kominsa, a rubuta a manna a ƙofar lambu, a naɗa mutum ɗaya mai riƙe mabuɗi da littafin shiga da fita. A kuma yanke shawarar rabo tun ba a ga tumatir ko ɗaya ba: nawa na masu aiki, nawa na mabukata, nawa za a sayar a sayi irin baɗi. Bulus ya ce abin da ake nema ga mai riƙon amana shi ne a same shi da aminci (1 Korantiyawa 4:2), kuma aminci a lambu a littafin nan ake ganinsa.

Wata uwa daga Zumuntar Mata, Daura: Mu ruwa saye muke yi a wurin 'yan ga-ruwa. Maigida ya ce zuba wa ganye ruwan kuɗi almubazzaranci ne. Ni kuma ina son ɗan lambu a tsakar gida. Wa ke da gaskiya?

Mama, maigida yana da hujja, ku ma kuna da ita, lissafi ne zai raba gardama. A ƙasarmu ruwan sama na wata huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba, ƙasar Daura kuma rairayi ce, ruwa na wucewa ƙasa da sauri. Da sanyi, a Disamba da Janairu, kowane murabba'in mita na lambu yana shan kamar lita 5 zuwa 6 a rana. A Afrilu yakan kai lita 8 ko fiye. Wato komi ɗaya mai mita ɗaya da uku zai ci lita 15 zuwa 18 da sanyi, da bazara kuma jarka guda mai lita 25 kusan duka. Ku ɗauki kuɗin jarka a unguwarku, ku ninka da kwana 30, ku gwada da abin da kuke kashewa a ganyen miya a wata. Ga alayyafo da latas da yakuwa, waɗanda ake cira da wuri, lissafin yakan fita. Ga kabeji, mai zama wata uku yana sha, da ruwan saye ba ya fita. Nan maigida ya yi gaskiya.

Ana iya rage ruwan sosai. Ku lulluɓe ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi, kaurin yatsa uku, amma a bar ɗan fili kewaye da kara don kada ya ruɓe. Da wannan kaɗai ban ruwan kullum zai iya komawa na kwana bibbiyu da sanyi. A ba da ruwa da sassafe ko bayan la'asar, a gindi, a hankali. Yayyafi kaɗan-kaɗan sau uku a rana ɓarna ce: saman ƙasa ne kawai ke jiƙa, saiwa ta tsaya a sama, rana ɗaya aka yi fashi shukar ta langaɓe. Kafin ku zuba, ku cusa yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. In akwai danshi, ku ajiye bokitin.

Akwai dabarar tulu, kuma ta dace da tsakar gida. A sami tulu ko tukunyar ƙasa wadda ba a shafa wa komai ba, mai cin lita 5 zuwa 10, a binne ta har wuya, a cika ta da ruwa, a rufe bakin da murfi saboda sauro. A dasa tumatir ko attaruhu ko kuɓewa tushe huɗu kewaye da ita, ratar taƙi ɗaya daga jikinta. Ruwa zai riƙa tsattsafowa ta jikin yumɓun daidai yadda ƙasa ta bushe, saiwoyi su zo su rungume tukunyar. Bayan kwana biyu zuwa huɗu a ɗaga murfi a ƙara.

Ruwan da aka wanke shinkafa ko gero ko ganye da shi, kada ɗigo ya tafi kwata, na lambu ne. Ruwan wanka da sabulu mai sauƙi a kai shi gindin zogale ko gwanda ko ayaba. Ruwan omo da na bilic da na wankin kayan jariri kada su kusanci abin da za a ci ɗanye, kuma gishirin da ke cikin omo yana taruwa ya kashe ƙasa a hankali. Yesu da ya ciyar da mutum dubu biyar ya sa aka tattara gutsattsarin da suka rage don kada kome ya lalace (Yahaya 6:12). Idan kuka bi ruwan gidanku da wannan ido, za ku tarar rabin abin da lambun ke bukata dama zubar da shi ake yi.

Wani matashi daga bakin dam ɗin Ajiwa: Shekara biyar ina zuba wa lambuna yuriya. Kowace shekara ina ƙara yawa, amfani yana raguwa, ƙasar ta yi fari ta yi tauri. Me ya faru?

Ɗan'uwa, kana ciyar da shuka, ka bar ƙasa da yunwa. Yuriya abu ɗaya take bayarwa, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore. Ba ta ba da na saiwa da na 'ya'ya, ba ta kuma mayar wa ƙasa ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi da ke sa ta yi laushi ta riƙe ruwa. A rairayi irin namu, ban ruwa biyu ko uku sun wanke ta zuwa inda saiwa ba ta kaiwa, kuma yawan zuba ta shekara da shekaru yana sa ƙasa ta yi tsami. Ba mu ce takin zamani haramun ne ba. Amma wanda ya karɓi ƙasa baƙa mai laushi daga mahaifinsa ya miƙa wa ɗansa fara mai tauri, ya ci amanar mutum biyu. Shi ya sa Shari'ar Musa ta ba ƙasa hutunta a shekara ta bakwai (Littafin Firistoci 25:4). A misalin itacen ɓaure na Luka 13 ma, da mai gonar ya ce a sare, mai lambun roƙon shekara ɗaya ya yi don ya yi masa kaftu ya zuba taki.

Ga yadda za ka haɗa takin. Haƙa rami a inuwa, tsawon mita biyu, faɗin mita ɗaya, zurfin rabin mita zuwa mita ɗaya. Rami ya fi tsibi a nan, don iskar hunturu tana busar da tsibi kafin ya ruɓe. A ƙasa ka shimfiɗa sassaren kara don iska ta shiga. Sai busasshen abu, ciyawa, ganye, ɓawon gyaɗa, kaurin taƙi ɗaya. A kansa kashin awaki ko na shanu ko na kaji, kaurin yatsa huɗu. Sai ɗanyen ganye da ɓawon kayan miya in akwai, ka barbaɗa toka da ƙasa kaɗan, ka yayyafa ruwa. Haka za ka yi ta jerawa har ramin ya cika, ka rufe da tsohuwar tabarma ko buhu, ka soka sanda a tsakiya har ƙasa.

Sandar ce za ta riƙa ba ka labari. Bayan kwana uku zuwa biyar ka zare ta ka taɓa. In ta yi zafi da danshi, aiki na tafiya. In ta fito da sanyi a bushe, ruwa ya yi kaɗan. In ta fito da sanyi da wari da santsi, ruwa ya yi yawa, sai ka juya ka ƙara busasshiyar ciyawa. Farin ƙura-ƙura a jikinta alamar bushewa ce bayan zafi. Danshin da ake so shi ne ka damƙi takin ka matse, ya dunƙule amma ruwa bai zubo ba. Juya shi duk mako biyu zuwa uku. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi ƙanshin ƙasar farkon damina, ba ka iya gane abin da aka zuba. Kilo 2 zuwa 3 ake sa wa murabba'in mita.

Kada ka yi gaggawar zuba ɗanyen kashin kaji a gindin shuka, yana ƙone saiwa. Ɗanyen kashin shanu kuma yana kawo gara da irin ciyawa. Takin juji na gari a tankaɗe shi, a fitar da batir da kwalba da leda. Bayan takin gida ya shiga, kamfa, wato NPK 15-15-15, murfin kwalbar lemo ɗaya ya ishi tushen tumatir mako biyu bayan dashe, a binne shi yatsa huɗu daga kara, a ba da ruwa. Yuriya rabin murfi idan fure ya fara. Ba a barin ta a fili a rana, iska ke kwashe amfaninta. Ƙasar ba za ta dawo a shekara ɗaya ba, amma a ta biyu fartanya za ta gaya maka.

Wata 'yar'uwa daga Batagarawa: Halal ne a yi wa shuka ban ruwa ran Lahadi?

'Yar'uwa, Ubangiji da kansa ya tambayi masu sukarsa ko akwai wanda ba ya kwance sansa ko jakinsa ya kai shi shan ruwa ran Asabar (Luka 13:15). Reno da sabon dashe ba sa jure fashi, a ba su ruwa da sassafe kafin sujada. Shukar da ta kama ƙasa kuwa, a ƙosar da ita ran Asabar da yamma, a lulluɓe gindinta, za ta kai Litinin lafiya. Kaftu da cire ciyawa da feshi da kai kaya kasuwa duk suna iya jira.

Wani mai lambun tumatir daga Jibiya: Tsutsar tumatir da ake kira Sharon ta addabe ni. Ina feshi duk bayan kwana uku, wani lokaci na fesa yau gobe na tsinka na kai kasuwa, don kowa haka yake yi. Amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Malam, gara da zuciyar ba ta kwanta ba, kada ka danne ta. Tumatirin da ka fesa jiya, wata uwa ce za ta yanka shi ɗanye a kwaɗon 'ya'yanta yau, ta amince da kai ba tare da ta san fuskarka ba. Ƙaunar maƙwabci ta kai har nan. Kowace kwalbar magani tana da kwanakin jira a rubuce a jikinta, tsakanin feshi da tsinka: wani kwana 3, wani 7, wani 14. Ka sa a karanta maka in rubutun ya yi ƙanana. Tsarin mai sauƙi ne, ka tsinke duk abin da ya nuna tukuna, sannan ka fesa, sannan ka ƙirga kwanakin. Dubi kuma zanen launi a gindin takardar: ja shi ne mafi dafi, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Maganin da aka ɗura a kwalbar da ba takarda, da fiya-fiya, ba su da wuri a kan abin da mutum zai ci.

Yawan feshin ma ba ya kashe ta, kai shaida ne. Wannan tsutsa, wadda ta durƙusar da noman tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa a 2016, cikin naman ganye take shiga ta yi ta ci, ta bar fata fara kamar taga, maganin da ya sauka a sama bai same ta ba. Cikin kamar wata guda ƙwai ya zama malam-buɗe-littafi mai sake yin ƙwai, kuma in magani ɗaya ake ta maimaitawa, waɗanda suka tsira su ke haihuwa, jikokinsu ba sa jinsa. Don haka a rufe reno da gidan sauro tun daga ranar shuka. A zaga lambu sau biyu a mako, a tsinke ganyen da ya yi tagar nan da 'ya'yan da suka huje, a ƙulle su a baƙar leda a ajiye a rana, kada a watsar a bakin komi. Da dare a rataya fitila a kan kwano mai ruwan sabulu, uwayen za su faɗa ciki. In an gama tsinka a tuge tsofaffin itatuwan a ƙone, kada a bar su tsaye su zama gidan haya. In dole sai an sayi magani, a nemi malamin gona na KTARDA, hukumar bunƙasa noma ta Jihar Katsina, ya faɗi wanda ya dace, a kuma riƙa sauya jinsin sinadarin, ba sunan kwalba kawai ba.

Ga darɓa da farin ƙuda da ƙananan tsutsotsi, 'ya'yan bedi sun wadatar in an fara da wuri. A ɓare busassun 'ya'ya a fitar da ƙwayar, a daka rabin kilo, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle mai laushi don kada ya toshe bakin famfon feshi, a narka ɗan sabulun wanki kamar girman ƙwallon dabino a ciki don ya kama ganye. A fesa da yamma, a bi ƙarƙashin ganye, a maimaita bayan kwana 5 zuwa 7. Ba a ajiye shi, rana tana kashe ƙarfinsa. Ba ya kashewa nan take, hana ƙwaro ci da girma yake yi, saboda haka kada ka ce bai yi aiki ba don ka ga tsutsa na motsi washegari.

Jikinka ma amana ne. Dogon hannu, takalmi, ƙyalle a hanci, iska a bayanka. Kada ka busa bakin famfo da bakinka in ya toshe. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku a zuba a famfon, a huda ta, kada yara su ɗauka a sa mai ko ruwan sha. Wanda ya fesa ya ji ciwon kai da zufa da dalalar miyau da amai, a cire masa kaya, a wanke shi da sabulu, a kai shi asibiti tare da kwalbar. Madara da manja da ake ɗura wa mutum ba magani ba ne, ɓata lokaci ne.

Wani mai bishara daga wajen Mai'aduwa: Gonar da ikilisiya ta ba ni cike take da kututturen sabara da kalgo, ga gawo biyu. Ina so in tumɓuke su duka in sami fili.

Mai bishara, a dakata da gatarin. Gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma dabbobi su taru a inuwarsa su bar kashi. Ku dubi geron gindinsa ku gwada da na fili. Ko a lokacin yaƙi Shari'a ta hana sare itatuwa masu ba da abinci (Maimaitawar Shari'a 20:19). Kututturan nan kuwa suna da rai, saiwarsu ta yi nisa. A Maradi, nan ƙetaren Jibiya, wani ma'aikacin ƙungiyar mishan ta SIM ɗan Ostareliya, Toni Rinaudo, ya lura da haka a 1983, bayan dashen itatuwa ya yi ta mutuwa. Manoma suka koma gyaran tohon kututture maimakon sassabe shi, kuma wannan hanya ta mayar da itatuwa a kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Yadda ake yi: a kowane kututture a zaɓi toho mafi ƙarfi da miƙewa, ɗaya zuwa biyar, a sare sauran. Waɗanda aka bari a datse musu rassan ƙasa har rabin tsawonsu, da wuƙa mai kaifi, ana yankawa daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya ɗaye. A ɗaura musu jan ƙyalle don masu neman itace su san da mai su. A koma duk wata biyu zuwa shida a sake gyarawa. Abin da aka sare ya zama makamashi, ganyen a bar shi a ƙasa ya tare yashi.

Wata mai karatu daga Ƙofar Ƙaura: Awakin maƙwabcinmu sun cinye mini latas sau biyu. Wata ta ce in sa musu guba.

Kada ki kuskura, 'yar'uwa. Dabba ba ta san iyaka ba, kuma gubar da aka ajiye wa akuya kaza da yaro ma suna iya samunta. Fitowa 22:5 ta ɗora wa mai dabba biyan ɓarna, gaskiya ne, amma a al'adarmu da damina ake ɗaure dabbobi, da rani sake su ake yi, don haka mai lambun rani shi ke da nauyin shinge. Ki toshe inda suke shiga, maigida ya je ya sami maƙwabcin cikin mutunci, in abin ya ƙi a kai wa mai unguwa. Ki kuma roƙi sharar turkensa, takin awaki ya fi latas ɗin da suka ci daraja. In lambu ya yi, a aika masa da kwano, Musulmi ne ko Kirista, yadda aka umarci mai gona ya bar gefen gonarsa da kala domin wasu (Littafin Firistoci 19:9-10).

Wani magidanci daga Daura: A ranin da ya wuce na dasa tumatir a Fabrairu. Na yi addu'a, na ba da zakkata, itacen ya yi kyau, amma fure ya yi ta zubewa. Kaɗan da suka yi 'ya'ya gindinsu ya yi baƙi. Wani ya ce akwai zunubin da ban tuba ba.

Ɗan'uwa, wanda ya faɗa maka haka ya ɗora maka kayan da Allah bai ɗora maka ba. Ubangiji yana sa rana ta fito wa mugaye da nagargaru, yana sako ruwa ga masu adalci da marasa adalci (Matiyu 5:45). Zakka godiya ce, ba ta sauya watan Afrilu. Akwai lokacin shuka, in ji Mai Hadishi 3:2, kuma sanin lokacin yana cikin aikin da aka ba mai lambu.

Zafi ne ya zubar maka da fure. Tumatirin da aka dasa a Fabrairu yana fure a ƙarshen Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana a Daura ke haura digiri 38, dare ma ba ya sanyi. Da zarar rana ta wuce kamar digiri 35, dare ya wuce 22 zuwa 24, garin furen yakan lalace, furen ya bushe ya faɗi ko da itacen kore shar ne. Yawan yuriya yana ƙara abin, ganye ya yi yawa, 'ya'ya babu. Baƙin gindin kuwa ba cuta ba ce, feshi ba ya maganinsa: ban ruwa ne na yau a ƙoshi gobe a bushe, sai sinadarin kalsiyam ya kasa isa ƙarshen ɗan tumatirin. Maganinsa ruwa daidai a kan lokaci da lulluɓe gindi.

Ka tuge tushe ɗaya ka duba saiwa. In ka ga ƙulle-ƙulle a jikinta, akwai tsutsar saiwa a ƙasar, wadda ido ba ya gani, kuma tana son rairayi. Kada ka mayar da tumatir ko attaruhu ko tattasai ko yalo ko kuɓewa wurin har shekara biyu zuwa uku. Sa albasa ko masara ko gero. In bazara ta zo, ka jiƙa komin sosai, ka rufe shi da farar leda mai haske, ka danne gefunan da ƙasa, ka bar shi mako huɗu zuwa shida rana ta dafa shi.

Bana ka zuba reno tsakanin tsakiyar Oktoba da tsakiyar Nuwamba, ka dasa bayan mako uku zuwa huɗu, fure ya faɗo a sanyin Disamba da Janairu. Nau'in tumatir UC82B da Roma VF suna yi a ƙasarmu, kuma ana iya ɗibar iri daga gare su: a matse nunannun 'ya'ya daga itace mafi lafiya, a bar ruwan ya yi tsami kwana biyu, a wanke, a shanya a inuwa, a zuba a kwalba da ɗan toka. Wanda aka rubuta F1 a jikin fakitinsa ba a ɗibar irinsa, 'ya'yansa ba sa fitowa kamar uwar. Daga Fabrairu kuma komayen su koma na kuɓewa da yakuwa da rama da lalo da alayyafo, su ne ke jure bazara.